An ce kaina ba ya ja

Na maimaita aji uku na firamare, kuma tun daga wannan shekarar sunana ya ɓace a makaranta. Daƙiƙi ake ce mini. Malamai ne suka fara, yara suka ɗauka, har ya bi ni gida. Ina rubuta wannan ne saboda iyayen da ke da irin yaron nan, wanda duk ƙarshen zango yake kawo sakamako cike da jan biro, da kuma malaman da ke da shi zaune a bencin ƙarshe.

Abin da na fi tunawa da ajinmu shi ne tsoro. Malam zai cika allo da rubutu, mu kwafe, mu bi shi da baki, gobe a tambaye mu. Wanda ya mayar da abin yadda aka ba shi ya tsira, wanda ya kasa ya miƙa tafin hannu. Ni ban iya karatu ba a lokacin. Zanen haruffa kawai nake yi, ban san abin da suke faɗi ba, kuma babu wanda ya lura, domin ina da kunne: in aka rera abu a aji zan rera shi tare da kowa. Ga ni kuma da bakin tambaya. Ranar da malam ya ce rana tana fitowa daga gabas ta faɗi a yamma, sai na ɗaga hannu na ce to ina take kwana? Aji ya fashe da dariya, shi kuma ya ɗauka rainin wayo ne. Na sha bulala. Daga ranar na kama bakina, kuma malamai suka ce na fara natsuwa.

A gida ba a dake ni ba. Abin da ya fi duka ciwo shi ne maganar da na ji Baba yana yi da Umma wata rana da dare, suna tsammanin na yi barci. Ya ce, “Yaron nan kansa ba ya ja. A lallaɓa ya gama firamare, sai a nema masa abin yi.” Ba da mugunta ya faɗa ba, muryarsa ma ta tausayi ce. Shi ya sa na yarda da maganar ɗari bisa ɗari.

Ina shekara goma sha ɗaya ciwo ya kama ni a ƙashin ƙafa. Aka yi mini aiki, aka ce kada in taka, na kwanta kusan shekara. Ba zan ɓoye ba, duk da azabar da nake sha, wani ɓangare na zuciyata murna yake yi da babu makaranta. Kawuna, ƙanen Umma, shi ya kawo mini tsohuwar rediyonsa don ta ɗebe mini kewa. Da rana tashoshi kaɗan take kamawa. Da dare kuwa sai ta cika da muryoyi, harsunan da ban taɓa ji ba, wasu su taso su dushe su sake tasowa. Na daɗe ina juya abin a raina kafin na yi ƙarfin halin tambaya, domin na riga na san kuɗin tambaya. Na ce, “Kawu, me ya sa tashoshin nesa suka fi fitowa da dare?”

Ya yi shiru, sannan ya ce, “Wallahi ban sani ba, ɗana. Amma kullum haka take yi, ko wani dare ne kawai? Ka lura mana, ka gaya mini.” Kashegari ya kawo mini littafin rubutu da fensir.

Ban taɓa jin babba ya ce bai sani ba sai ranar. Na fara rubuta lambar da allurar rediyo ta tsaya a kai da lokacin da na kama tashar. Lambobi na iya su, amma sunan tasha da ƙasarta suna buƙatar haruffa, a nan na maƙale. Sai na roƙi yayata, wadda ke sakandare, ta koya mini. Ita ba ta san wasa ba. Kullum da yamma za ta zauna a bakin gadona ta nuna mini baƙi da sautinsa, ta haɗa shi da wasali, ba, bi, bu, in na kuskure ta ce a sake. Cikin ’yan watanni na fara karanta duk abin da ya faɗo hannuna. Abin da aji ya kasa ba ni a shekaru, Yaya ta ba ni shi a ɗan zaman yamma, kuma ba don ta fi malamaina ilimi ba. Ni ne nake buƙatar haruffan a wannan karon, ita kuma ta fara daga inda nake.

Rediyon ta ja ni nesa. Masu labarai suna faɗin lokaci da agogon GMT, wanda bai yi daidai da na bangon ɗakinmu ba, wata tashar ma tana gaida mutane da kwana alhali mu dare ne. Yaya ta aro mini littafin taswira. Na gano duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, da’irarta digiri 360 ce, don haka kowace awa tana cin digiri 15. Rabawar da aka sha duka na a kanta, da kaina na nemi a nuna mini ita don in fitar da wannan 15 ɗin. A nan kuma na sami amsar inda rana take kwana, na yi ta dariya ni kaɗai a kan gado har Umma ta leƙo. Amsar tambayar rediyo kuwa sai bayan shekaru na same ta: can sama akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa, ɓangarensa na ƙasa yana shanye wasu igiyoyin rediyo da rana, da dare sai ya dushe, igiyoyin su kai ga na sama ya maido su ƙasa a wuri mai nisa.

Na koma makaranta da ɗingishi. Ban zama gwani ba, amma na daina zuwa na ƙarshe, na haye sakandare, na shiga kwalejin horar da malamai. A can na fara jin sunan Maria Montessori, a cikin wani sakin layi da aka ba mu mu haddace don jarrabawa, ka ji abin dariya. Sai daga baya na bi labarinta da kaina. Likita ce ’yar Italiya, ta fara aiki da yaran da aka yanke wa hukuncin cewa ƙwaƙwalwarsu ba za ta ɗauki karatu ba, wasu daga cikinsu suka zauna jarrabawar gwamnati suka ci. Mutane suna ta yaba mata, ita kuwa abin da ya dame ta shi ne, in waɗannan sun kamo lafiyayyun yara, me ake yi wa lafiyayyun a makaranta? A 1907 ta buɗe gidan yara na farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum. Kayan aiki a jere inda hannun yaro zai kai, yara masu bambancin shekaru a ɗaki ɗaya, kowa ya zaɓi aikinsa ya daɗe a kai ba a katse shi ba, malama tana nuna yadda ake amfani da abu sannan ta koma gefe tana lura. Da na karanta wannan, Kawu na tuna.

Na sami aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi, aka ba ni ajin firamare na sama. Na ajiye kwali a bayan aji, na ce duk mai tambaya ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Makon farko kwalin fanko. Da suka ga ba tarko ba ne, sai ya cika. Me ya sa ƙanƙara take tasowa saman ruwa? Me ya sa wata yake bin mutum in yana tafiya? Me ke sa ƙarfe tsatsa? Wannan ta ƙarshen muka ɗauka. Ban ba su amsa ba. Suka kawo ƙusoshi da kwalabe, wata ƙusa a busasshiyar kwalba, wata a ruwa, wata a ruwan gishiri, wata aka shafe ta da mai. Kowace safiya kafin a buga ƙararrawa za ka tarar da su a jikin taga suna gardama. Wata yarinya da ba ta taɓa magana a aji ba ita ta ce a tafasa ruwa a rufe kwalbar gam, ko iskar da ke cikin ruwan ce ke da laifi. Har yau in na tuna tsigar jikina takan tashi.

Amma ajina yana da hayaniya, kuma littattafan yarana ba su cika da rubutu kamar na ajin da ke kusa ba. Iyaye suka fara ƙorafi, suna biyan kuɗi ba sa ganin aiki. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, “Malam, manhaja aka ɗauke ka ka koyar. Jarrabawa ba ta tambayar abin da yaro yake so ya sani.” Ban ɗauke shi azzalumi ba, yana da albashin mutane a wuyansa, kuma abin da ya faɗa game da jarrabawa gaskiya ne. Na nuna masa cewa tsatsa tana cikin manhajar, makon ne kawai muka riga. Bai gamsu ba. Ya ce in cire kwalin, na ce a bar mini ko da darasi ɗaya a mako. Ƙarshen shekara aka ba ni takardar sallama.

Lokacin matata tana da tsohon ciki. Wannan shi ne mafi duhun zamanin da na taɓa shiga, ya fi shekarar jinya nesa ba kusa ba. Na nemi aiki a makarantu da dama, ko’ina sai an tambayi dalilin barina wancan wurin. ’Yan uwa suka ce taurin kai ne, wani ma ya ce mini karambani ne malamin firamare ya ce zai gyara ilimi. Barci ya ƙaurace mini. Maganar Baba ta dawo sabuwa fil, ina kwance ina jin ta: kansa ba ya ja. Na fara tunanin ko dai gaskiya ce tun farko, ko duk abin nan da nake kira fahimta hanyar gudun aiki ce irin ta malalaci. Na daina zuwa taron jama’a don kada a tambaye ni ina nake aiki yanzu.

A cikin wannan zaman banza ne na duƙufa karatu a intanet ta waya, ina neman ko wani ya taɓa gwada abin da nake ji a jikina. Na ci karo da wani gwaji da Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu suka wallafa a 2011. Sun ba ƙananan yara wani abin wasa mai ɓoyayyun ayyuka huɗu: wani wuri yana ƙara, wani yana kunna fitila, wani yana kiɗa, wani yana da madubi. Yaran da babba ya ce musu ga yadda yake aiki, ya nuna musu guda ɗaya, sun fi tsayawa a kan wannan ɗayan, sun gano kaɗan daga sauran. Waɗanda ba a yi musu irin wannan darasin ba sun fi daɗewa suna lalube, sun gano da yawa. Yaro yana da hankali, in malam ya nuna masa abu ɗaya ya yi shiru, sai ya ɗauka iyakar abin ke nan. Na kuma karanta gwajin Mark Lepper da abokansa na 1973 a Amurka, inda yaran da dama suna son zane aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi, bayan haka sai suka rage zanen in an bar su da kansu. Wannan bai biya mini kuɗin haya ba, amma ya cire mini tunanin cewa na haukace.

Matata ce ta buɗe ƙofar. Ta ce, “Malam, ga yaran maƙwabta nan da makaranta ta gaji da su. Iyayensu ba su da abin da za su yi asara. Ka tara su mana.” Da su na fara, a ɗaki ɗaya, da yamma. Wani abokina da muka yi kwaleji tare ya shigo muka haɗa hannu.

Da shi muka yi babbar gardamar da ta raba mu. Shi ya kamu da son makarantar Summerhill, wadda A. S. Neill ya kafa a 1921, take Ingila har yanzu, inda shiga darasi ganin dama ne, kuma a taron makaranta ƙuri’ar yaro daidai take da ta malami. Yana yawan ba da labarin yadda masu duba makarantu suka taso ta a gaba a 1999, ta kai ƙara, a 2000 aka daidaita ta ci gaba da tsarinta. Yana kuma kawo Sudbury Valley ta Amurka, wadda tun 1968 ba ta da manhajar dole, da gwajin Sugata Mitra, wanda a 1999 ya dasa kwamfuta a jikin bango kusa da wata unguwar talakawa a Delhi, yara suka koya wa juna sarrafa ta babu malami. Ra’ayinsa shi ne mu zuba kaya mu janye, kowane yaro zai nemi karatu ranar da ya shirya.

Ni ban yarda ba, kuma dalilina Yaya ce. Da a ce ta zauna tana jiran in gano haruffa da kaina, da har yau ina zane. Yaro yakan koyi magana ba tare da an zaunar da shi ba, amma rubutu ƙirƙirar mutane ce, sai an nuna maka wane baƙi ke ɗauke da wane sauti. Na nuna masa hujjar da Kirschner da Sweller da Clark suka kawo a 2006, cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, don haka sabon shiga da aka bari ya yi ta lalube yakan gaji bai kama komai ba, wanda ya riga ya san wani abu ne ke cin moriyar ’yancin. Na tuna masa cewa shi kansa Mitra daga baya ya shigo da manya masu ƙarfafa wa yara gwiwa ta intanet, kuma masu suka sun tarar da wasu kwamfutocin bangon a lalace an watsar. Sannan iyayen da ke kai ’ya’yansu irin waɗancan makarantun galibi gidajensu cike suke da littattafai. Namu yaran fa? Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ’yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Ka ce wa irin wannan yaron ya bi sha’awarsa alhali bai iya karatu ba, ka ba shi rijiya ne ka hana shi guga. Abokina ya ce na koma gidan jiya, na zama irin shugaban da ya kore ni. Maganar ta yi mini zafi sosai. Muka rabu, ya tafi da wasu daga cikin yaran. Muna gaisawa yanzu, amma ba mu sake tayar da zancen ba.

Abin da na tsaya a kai ya fi kama da abin da na karanta game da Escuela Nueva, tsarin da Vicky Colbert da abokan aikinta suka fara a 1975 don makarantun karkarar Kolombiya, inda malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa da yawa, yara suna aiki cikin ƙananan rukunoni da littattafan jagora, kowa da saurinsa. Na kuma ɗauki dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda ke raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu. Wurinmu yanzu ya zama na safe. Farkon yini na karatu da lissafi ne, kai tsaye, babu zaɓi, amma kowa a matakinsa, kuma babu bulala, babu jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Sauran yinin nasu ne. Yaro zai zo da tambayarsa, mu zauna mu rubuta abin da yake so ya gano, me zai buƙata, yaushe zai nuna wa sauran. Wanda ya ɗauki aiki sai ya kai shi ƙarshe, ko ya zo ya yi bayanin dalilin ajiye shi.

Masu cewa wannan hanyar hutu ce ga malami ba su taɓa gwada ta ba. Cika allo ya fi sauƙi ƙwarai. A nan dole in san abin da kowane yaro yake ciki, in kwana ina karanta yadda zuma ke gane hanyar gida saboda wani ya tambaya, in san lokacin da zan yi shiru da lokacin da zan ce tsaya, ga yadda ake yi. Ina kuma riƙe da manhajar hukuma a aljihu, ina duba abin da tambayoyinsu suka taɓo da abin da suka tsallake. Akwai abubuwan da babu yaron da zai taɓa tambaya a kansu, domin bai san da su ba, waɗannan ni nake kawo su teburi.

Ba kowa ne hanyar ta karɓa ba. Akwai yaron da ya yi watanni yana zaune, in na ce me kake so ka sani sai ya ce duk abin da Malam ya ce. An riga an kashe masa tambaya tun kafin ya zo. Da ƙyar ya buɗe, ta hanyar sarƙar keke da ta tsinke. Akwai kuma wanda mahaifinsa ya cire shi ana tsakiyar samun ci gaba, ya ce shi sakamako mai lamba yake so ya gani, ban kuma iya ba shi hujjar da za ta kwantar masa da hankali ba. Baba ya rasu kafin a fara duk wannan. Umma ce ta zo wata rana ta zauna a bayan ɗaki har aka tashi, da za ta tafi ta ce hayaniyar ta yi yawa, amma yaran ba su da fuskar tsoro.

Manyan yaranmu na farko sun kusa shekarun jarrabawar fita, kuma babu inda za su je ba tare da takardar shaida ba. Na zauna da su da iyayensu, muka amince cewa a shekarar ƙarshe rabin lokacin tambayoyinsu zai koma bitar tsofaffin takardun jarrabawa. Biyu daga cikinsu sun ƙi amincewa, sun ce an ci amanar tsarin, sun nemi a sake zama a kai a farkon zango mai zuwa, kuma na sa musu rana.